Kama da Wane Ba ta Wane: Raddi ga Masu Neman Dangi da Sunan Mahaifi

Babu gari a kudancin Nijar da ba shi da ɓataccensa. Daga Tawa zuwa Damagaram, duk gidan da aka shiga aka zauna da tsofaffi, ba za a rasa labarin wani kaka ko ƙanen kaka da ya ɗauki sanda da gora ya nufi gabas da niyyar hajji ba, ko ya bi ayarin goro zuwa Gwanja, ko ya tsere wa aikin tilas na zamanin Nasara, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Wasu hanya ta cinye su. Da yawa kuwa sun yada zango, sun yi aure, sun hayayyafa, jikokinsu suna nan a Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana, da bakin kogin Nilu, da unguwannin Makka. Wanda ya tashi neman waɗannan dangi ya yi abin yabo, don zumunta ce yake nema. Abin da ake ja a nan shi ne makamin da wasu ƴan boko suka ɗauko masa, suna tallarsa kamar maganin da ba ya ƙi: wai a kama sunan iyali, abin da Faransawa ke kira «nom de famille», a zuba shi cikin intanet, a bi sawunsa ƙasa ƙasa har a tarar da jini. In kuma ba a tarar da kome ba, sai su ce ai dama Bahaushe ba ya da tarihin gida, tunda bai iya riƙe suna ba.

Kafin a yi musu raddi, gara a ba dabarar haƙƙinta, don a inda aka ƙera ta tana aiki. A 1647 wani saurayi mai suna Pierre Tremblay ya bar ƙauyen Randonnai a yankin Perche na Faransa ya tsallaka teku zuwa Kanada. A 1657 ya auri Ozanne Achon a birnin Kebek, suka haifi ƴaƴa 12. Yau babu sunan da ya kai Tremblay yawa a lardin Kebek, kuma kusan duk mai ɗauke da shi zai iya bin takardu, uba bayan uba, har ya isa ga wannan mutum guda. A Ingila akwai ƙungiya tun 1979 wadda aikin kowane ɗanta shi ne ya ɗauki suna ɗaya ya tattara duk wanda ya taɓa amsa shi a duniya. Ba wasa suke yi ba, kuma sun sada zumuntar da teku ya raba.

Amma me ya sa abin ya yiwu? Sunan shi kaɗai bai yi kome ba. Tun 1538 aka umurci majami'un Ingila su riƙa rubuta kowane baftisma da aure da jana'iza. A Faransa dokar Villers-Cotterêts ta 1539 ta wajabta kundin baftisma, a 1792 aka miƙa aikin ga ma'aikatun magajin gari, a 1794 kuma aka haramta wa kowa amsa wani suna in ba wanda ke cikin takardar haihuwarsa ba. Malaman majami'un Kebek sun bi wannan tsari sau da ƙafa, shi ya sa Cyprien Tanguay ya iya fitar da ƙamus na zuriyar iyalan Kanada mai juzu'i 7 tsakanin 1871 da 1890. Ke nan ƙarni huɗu na tawada da takarda da tilascin hukuma ne ke ƙarƙashin sunan Tremblay. Wanda ya ɗauko sunan ya bar kundayen, ya ɗauko linzami ne ya bar dokin a can.

Ko a can ɗin ma dabarar tana ɗingishi. Bryan Sykes na jami'ar Oxford ya gwada ƙwayar gadon da ɗa namiji ke karɓa daga ubansa a jikin maza masu irin sunansa, ya wallafa sakamakon a 2000: kusan rabinsu ne suka fito daga tsatso ɗaya. Binciken da ya biyo baya a jami'ar Leicester ya nuna cewa sunaye masu yawan jama'a, irin su Smith, ba su nuna kaka guda ko kaɗan, don ma'anar sunan maƙeri ce, kowane gari kuwa da maƙerinsa. In haka ne a ƙasar da ta shekara ɗaruruwa tana gadon suna, ina ga ƙasar da rabin mazanta Mahammadu ne?

Ga yadda Bahaushe yake suna, ko da yake abin kunya ne a ce sai an tuna wa mai digiri. Ran bakwai ana raɗa wa yaro sunan yanka, in ana son bambanta shi da takwarorinsa sai a haɗa da na ubansa. Isufu ɗan Garba ya haifi Sani, ya zama Sani Isufu. Sani ya haifi Rabi, ta zama Rabi Sani. Cikin hawa biyu Garba ya fita daga takarda. Shi kansa Garban, a kundin kumandan an rubuta shi Aboubacar ko Boubacar, in ya tsallaka Katsina ya koma Abubakar, a Barno Bukar, a bakin abokansa Habu. Muhammadu ɗaya ne yake fitowa Mahamane, Mahamadou, Mamane, Mamadou da Mamman, gwargwadon kunnen akawun da ya riƙe alƙalami. Ba a ma daidaita wanda zai zo gaba ba: shugabannin ƙasar nan uku ana rubuta su Diori Hamani da Hamani Diori, Tandja Mamadou da Mamadou Tandja, Issoufou Mahamadou da Mahamadou Issoufou, duk a takardu masu hatimi. Sai a ƙara da «né vers», wato an haife shi wajajen shekara kaza, wanda ke kan katin yawancin dattawa. Wannan ita ce ƙasar da ake so na'ura ta tantance jini a cikinta ta hanyar daidaita haruffa.

Bayan haka ga alkunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, suruka ba ta kiran yaron da ya ci sunan surukinta, don haka laƙabi ya danne sunan yanka har mutum ya tsufa. Ɗanladi da Ɗanjuma da Balarabe ranar haihuwa suke faɗi, Nomau da Anaruwa lokacin shekara, Tanko namiji ne da ya biyo mata, Audi wanda aka haifa bayan rasuwar uba. Mushen lakkwal ya tambayi yaro sunan ubansa, yaro ya ba shi laƙabin da ya saba ji, laƙabi ya shiga kundi ya zama «nom». Wanda ya tattara duk masu amsa Tanko a Maraɗi da Kumasi da Wad Madani yana zaton ya haɗa dangi, ya tara jerin gidajen da aka fara haihuwar mata ne kawai. A Najeriya kuwa makarantun Ingilishi sunan gari suka liƙa wa ɗalibai, aka sami Aminu Kano, Shehu Shagari, Sa'adu Zungur, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ko mai wannan dabara zai ce duk mai amsa Kano ɗan'uwan Malam Aminu ne?

A dubi gida ɗaya da kowa ya sani, wanda kuma ya yi sa'ar samun suna tsayayye. An haifi Alhasan Ɗantata a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa fataken goro. Sunan ubansa Abdullahi. Da uban ya rasu, mahaifiyar ta tafi Ankara ta bar ƴaƴanta a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata, shi ya sa aka kira yaron Ɗan Tata. Wato sunan iyali mafi shahara a kasuwancin ƙasar Hausa sunan mai reno ne, ba na uba ko kaka ba. Wanda ya bi shi baya zai tsaya cak a ƙofar ɗakin Tata. Wanda ya bi shi gaba kuma zai tsallake Aliko Ɗangote, wanda tattaɓa-kunnen Alhasan ne ta wajen uwa. Wannan ba ƙaramin aibu ba ne. Sunan iyali layin maza kaɗai yake bi: cikin kakannin kakanni 16 da kowane ɗan Adam yake da su, mutum ɗaya yake nunawa ya rufe 15. Bahaushiya kuwa ba ta taɓa ajiye sunan ubanta don ta yi aure ba, sai da «Madame wane» ta shigo da takardun ofis. A al'ummar da ɗan'uwa ya fi ɗan'uba kusa da zuciya, wadda yaro kan tashi a gidan kawu ko gwaggo, tarihin da ya share uwaye ragowar tarihi ne.

Masu dabarar kan ce to, a ƙasashen da aka je ai an sami sunaye tsayayyu, sai a faro daga can. A faro ɗin. A gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2018 tawagar Saudiyya ta zo da ƴan wasa uku masu amsa Hawsawi: Usama, Umar da Mu'utaz. Hawsawi kuwa Bahaushe ne da Larabci, kamar yadda Barnawi yake Babarbare, Fallata kuma laƙabin da ake yi wa mutanen yamma a Sudan da Hijaz. Sunan yana faɗin al'umma ne, bai faɗi gida ba, bai ko faɗi gari ba. A ƙetaren tekun Atalantika abin ya fi muni. Hausawa ne suka ja gaba a tawayen bayi na Bahiya ta ƙasar Barazil a 1807 da 1814, amma a takardun iyayengijinsu sunan Kirista guda ne da kalmar da ke nuna ƙabila, wanda ya sami ƴanci kuma sau da yawa sunan ubangijinsa yake ɗauka. Mahommah Gardo Baquaqua, ɗan Jugu wanda mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, a Barazil José da Costa aka kira shi. Da bai kuɓuta a New York a 1847 ya ba da labarinsa aka buga a 1854 ba, da babu mai sanin Katsina na da rabo a jininsa, kuma mai bin sunan da Costa zai ƙare ne a Fotugal. Haka Dorugu, yaron ƙauyen Dambanas na yankin Kance, wanda aka kama bauta, Heinrich Barth ya kai shi Ingila a 1855, aka yi masa baftisma da James Henry. Abin da ya maido da shi ga taswirar Damagaram shi ne garuruwan da ya lissafa wa J. F. Schön da bakinsa, da Hausa.

Sai kuma maganar da ta fi zafi, wai rashin sunan iyali alamar ci-baya ce. Mai faɗin haka bai karanta yadda sunayen suka zo wa waɗanda aka mulka ba. A 1849 gwamnan Sifaniya a Filifin, Narciso Clavería, ya raba wa garuruwa kundin sunaye don a ji daɗin karɓar haraji, shi ya sa ƙauye guda kan cika da sunaye masu farawa da harafi ɗaya ba tare da dangantaka ba. A Aljeriya dokar 23 ga Maris 1882 ta tilasta wa Musulmi sunan iyali, akawuna suka liƙa wa wasu sunayen dabbobi da na zagi, wanda bai samu ba aka rubuta masa SNP, wato marar sunan iyali. Ga kuma Aisilan, can ƙuryar arewacin Turai. Har yau yawancin mutanenta da sunan uba ake kiransu, ɗan wane ko ƴar wane, sak yadda ake yi a Tasawa. Duk da haka babu al'ummar da ta fi su sanin zuriyarta: sun yi ƙidayar da ta rubuta kowa da sunansa a 1703, a 2003 kuma suka buɗe kundin zuriyar ƙasar gaba ɗaya a intanet. Rubutu da adana shi ne suka yi musu wannan aiki. Sunan iyali bai sa hannu ba.

Akwai ma abin da saurin shuɗewar suna ya yi wa ƙasar Hausa na alheri, wanda ba a cika faɗi ba. Agalawa da Tokarawa daga arewa suka gangaro, daga cikin talakawa da bayin Abzinawa, suka zauna a ƙasar Kano da Katsina suka zama Hausawa, suka zama attajirai. Ƴaƴan bayi da baƙi da yawa sun narke cikin gari haka nan, don bayan hawa biyu babu tambarin da ya rage a sunansu. A ƙasar da sai a 2003 aka sanya bauta cikin laifuffukan da doka ke hukuntawa, wadda har yanzu ake fasa aure saboda tonon asali, ya kamata mai ɗokin kafe sunaye ya tsaya ya yi tunani. Wanda ya ga dama ya ba ƴaƴansa sunan kakansa su riƙe har abada, hakkinsa ne, ba mai hana shi. Laifin shi ne a juya baya a auna matattu da ma'aunin da ba su san shi ba.

Kada kuma a ɗauka cewa duk abin da baki ya faɗa gaskiya ne. Alex Haley ya je Jufure ta Gambiya a 1967 riƙe da suna guda, Kinte, bayan labarin abin da yake nema ya riga shi isa. Aka kawo masa wani dattijo ya faɗa masa abin da yake son ji, littafinsa Roots ya fito a 1976 ya girgiza duniya. A 1981 masanin tarihi Donald Wright ya nuna raunin wannan riwaya, wasu masu bincike biyu kuma, Gary da Elizabeth Mills, suka tarar da bawan nan Toby cikin takardun Virginia shekaru kafin isowar jirgin da aka ce ya kawo Kunta Kinte a 1767. Duk wanda ya san maroƙi ya san wannan tarko. A ba shi jikka biyar, kafin la'asar ya haɗa mutum da Bawa Jan Gwarzo. Baƙon da ya zo da suna a baki yana neman a tabbatar masa, ba zai koma hannu sake ba, don ba a son baƙo ya tafi da ɓacin rai. Shafukan intanet masu sayar da «asalin sunanka» maroƙa ne su ma, sai dai ba su da kalangu.

To da me Bahaushe yake gane nasa? Tambayar da ake yi wa baƙo a zaure ita ce mutumin ina ne, wace unguwa, gidan wa. Mutanen Maraɗi sun fi kowa sanin haka, don su kansu zuriyar masu ƙaura ne: bayan faɗuwar Birnin Katsina a 1807 gidan sarautar ya yi arewa, har yau kuma mai mulkin Maraɗi Sarkin Katsina ake kiransa, kamar yadda na Tsibiri yake Sarkin Gobir. Ƙarni biyu ke nan ba su ɓace wa asalinsu ba, ba kuwa da sunan iyali ba. Sarauta ta riƙe shi, da sana'ar gado, da kirarin gida, da tsagar fuska wadda wanzami ke karantawa kamar wasiƙa, da wasan barkwanci da ke sa Bagobiri ya tsokani Bayarabe, Bafillace ya tsokani Babarbare, ko a wace ƙasa suka haɗu. Malamai suna da salsalar waɗanda suka ba su karatu, kuma mai kwafar littafi yakan rubuta sunansa da na ubansa da garinsa a shafin ƙarshe. Dubban irin waɗannan rubuce-rubuce na Larabci da ajami suna ajiye a cibiyar IRSH ta jami'ar Yamai, tarin da Boubou Hama ya faro. Kusa da ita ga CELHTO, wadda aka kafa a 1968 don tattara tarihin baka. Da wuya a ga mai tallar sunan iyali ya taka ƙofar ɗayansu.

Lamarin kuwa ba na nishaɗi ba ne ga waɗanda ke can. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ran 27 ga Yuli 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa Sudan, suka kafa garin da ke amsa sunansa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Mahajjata da manoma suka yi ta bin su, guminsu ya shiga gonakin audugar Jazira bayan an gama madatsar Sennar a 1925. Duk da haka a Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu kan ko Hausawa na da ikon riƙe ƙasa da sarauta a wurin, aka kashe mutane da yawa, sannan yaƙin da ya tashi a Afrilun 2023 ya watsa miliyoyin ƴan Sudan. A Gana dokar korar baƙi ta Nuwamban 1969 ta ba marasa takarda mako biyu su fice, iyalai suka rabu, wasu suka sauya suna don su tsira da gida da shago. Mutumin da aka ce masa baƙo a inda aka binne kakansa, in ya waiwayo yamma yana tambayar daga ina aka fito, amsar gaskiya yake bukata. A haɗa shi da wani gida a Madawa don kawai duka biyun suna da Usmanu, zalunci ne a kansa da kan gidan, balle in gado ko aure ya shiga tsakani.

Abin da ya rage na wannan sani yana bakin tsofaffin mata, su ne suka riƙe wa ya auri wa, wa ya tafi shekarar wace yunwa, wa aka yaye a ɗakin wa. Tsagar fuska tana ƙarewa, yaran yau ba a yi musu. Kowace damina kuma ana rage tsofaffin. Ɗalibin da ke riƙe da salula mai ɗaukar murya zai iya zama gaban kakarsa a hutun nan ya tambaye ta waɗanda suka tafi, ya rubuta kowane mutum da sunan yankansa da laƙabinsa, da sunan ubansa da na uwarsa, da unguwarsu, da sana'arsu, da irin askarsu, da sarkin da ke kan gado lokacin da ya fita, da abokan tafiyarsa. Takarda irin wannan ce za a iya aika wa sarkin zango a Kumasi ko limamin wata unguwa a Mai Wurno, ya karanta ta bayan sallar Juma'a, a ga ko wani dattijo zai ɗaga kai.